Babi na Biyar: Yadda Ake Auna Ƙarshen Kundin Bincike, a Kuma Gyara Shi

A yawancin makarantun tauhidi na ƙasar nan, kamar yadda yake a jami'o'i, kundin da ɗalibi yake rubutawa a shekararsa ta ƙarshe babi biyar ne. Na farko gabatarwa, na biyu bitar abin da wasu suka riga suka rubuta, na uku hanyar da aka bi, na huɗu abin da aka samo. A na biyar ake sa taƙaitawa, da kammalawa, da shawarwari. Shi ne mafi gajarta, shi ne kuma aka fi rubutawa a gurguje, lokacin da ranar miƙa kundi ta matso, kuɗin buga takarda ya kusa ƙarewa, ɗalibi kuma ya gaji. Amma malamin da aka gayyato daga waje ya auna aikin yakan karanta babi na ɗaya, ya tsallaka zuwa na biyar, don ya ga ko sun san juna. Sakataren gunduma kuwa, in har kundin ya kai hannunsa, da wuya ya karanta wani abu bayan shawarwarin. Wato sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne wanda ikilisiya za ta iya ɗauka ta yi aiki da shi.

Sassan nan uku ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ɗalibai da yawa sukan rubuta magana ɗaya sau uku, su canja mata suna kawai. Taƙaitawa tana faɗin abin da aka yi da abin da aka samo. Kammalawa tana faɗin ma'anar abin da aka samo, wato amsar tambayar da aka yi tun farko. Shawarwari suna faɗin abin da ya kamata a yi saboda amsar nan, da wanda zai yi shi.

Taƙaitawa ba ta da wuya, ba za mu daɗe a kanta ba. Kada ka kwafo sakin layi daga babobin baya ka jera. Rufe kundin, ka rubuta da sabuwar magana, sa'an nan ka buɗe ka gwada. Abin da za ka yi tsaro da shi shi ne kada gajartawa ta ɓata gaskiya. Ɗalibin da ya rubuta tarihin ikilisiyarsu yana iya faɗa daidai a babi na biyu cewa Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun iso ƙasar nan a 1893, an kuma kafa ECWA a matsayin ikilisiya mai zaman kanta a 1954. Da ya zo taƙaitawa sai ya ce an kafa ECWA a 1893. Ya rage kalmomi, amma ya haɗiye shekara 61. Duk shekara, da suna, da adadin da ya fito a babi na biyar, ka koma ka nemo shi a inda ya fara fitowa, ka tabbata ba su saɓa ba.

Kammalawa

A nan aikin yake. Hanya mafi sauƙi ta auna kammalawa ita ce ka ciro shafin da tambayoyin bincike suke a babi na ɗaya, ka ajiye shi kusa da babi na biyar. Ɗauki tambaya ta farko, ka nemi jimlar da ta amsa ta, ka ja mata layi. Haka ta biyu, haka ta uku. In akwai tambayar da ba ta sami amsa ba, ko dai ka koma babi na huɗu ka ga ko amsar tana can ba ka ɗauko ba, ko ka faɗa a fili cewa binciken bai iya amsa ta ba, ka ba da dalili. In kuwa ka ga amsa wadda ba ta da tambaya, ka tambayi kanka daga ina ta shigo. Sau da yawa ra'ayi ne da ɗalibi yake da shi tun kafin ya fara bincike, ya ɓoye shi babi huɗu, ya sake shi a na biyar.

Bari mu ɗauki misali, na ƙirƙira ne don koyarwa. A ce wani ɗalibi ya yi tambaya: me ya sa matasa suke barin sujadar Hausa? Ya raba takardar tambayoyi 60 a ikilisiyoyi uku na gundumarsu, ranar Lahadi bayan an tashi. Mutum 40 sun ce wa'azi yana yin tsawo, 35 sun ce ba a ba matasa dama a shirin sujada. Ga abin da ya rubuta a kammalawa: “Binciken ya tabbatar da cewa matasan Arewacin Nijeriya suna barin ikilisiya saboda fastoci ba sa kula da su.”

Jimlar nan tana da daɗin ji, kuma in aka faɗe ta a taron matasa za a tafa. Amma ku dube ta da kyau. Ikilisiyoyi uku na gunduma ɗaya sun zama Arewacin Nijeriya. Barin sujadar Hausa ya zama barin ikilisiya, alhali wanda ya koma sujadar Turanci ta ƙarfe takwas yana nan a ikilisiyar bai je ko'ina ba. Tsawon wa'azi da rashin ba da dama sun zama rashin kulawar fastoci, abin da ba a tambayi kowa ba. Mafi girma duka, wa ya cika takardun? Waɗanda suka zo sujada ranar. Waɗanda suka bari ba sa nan. Saboda haka abin da ɗalibin yake riƙe da shi a hannu ra'ayin matasan da suka tsaya ne game da abin da yake damunsu, ba dalilin waɗanda suka tafi ba. Wannan ma abu ne mai amfani, in an kira shi da sunansa. Gyararriyar jimla za ta ce: a ikilisiyoyi ukun da aka bincika, yawancin matasan da har yanzu suke halartar sujadar Hausa sun ambaci tsawon wa'azi da rashin sa su cikin shiri a matsayin abin da ya fi damunsu, ba a ji ta bakin waɗanda suka daina zuwa ba. Ba ta kai ta farko armashi ba, amma ba wanda zai iya ture ta ranar kare kundi.

Kalmomi ma suna da nauyi. “Ya tabbatar” ta fi “ya nuna” nauyi, “ya nuna” kuma ta fi “da alama”. Haka “duka”, da “yawanci”, da “wasu”. Ka zaɓi wadda shaidarka za ta iya ɗauka. Akwai kuma ɗalibin da tsoro ya sa kowace jimlarsa ta fara da “wataƙila”, har mai karatu ya rasa ko an gano wani abu. Wannan ma kuskure ne. Inda shaida ta yi ƙarfi, ka yi magana da ƙarfi.

Masu rubuta kundi a kan fassarar Nassi suna da irin nasu ramin. Wanda ya yi nazarin Malakai 3:8-10 a kan zakka, wato ushiri, ya bi tarihin lokacin annabin, ya duba kalmomin Ibrananci, zai iya faɗin abin da nassin yake nufi ga Yahudawan da suka komo daga bauta. Amma in yana so ya ce ga abin da Littafi Mai Tsarki duka yake koyarwa game da bayarwar mai bi a yau, sai ya nuna cewa ya bi ta wurare kamar 2 Korantiyawa sura 8 da 9 a cikin kundin. In bai bi ba, ya tsaya a bakin Malakai, sauran ya sa cikin abubuwan da suke bukatar ƙarin bincike.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: an horar da mu mu yi wa'azi, mai wa'azi kuwa ya saba rufe magana da kira. To, sai ka ga kundi ya tafi a natse har babi huɗu, da an shiga kammalawa murya ta canja, ga “ya ku 'yan'uwa”, ga “lokaci ya yi da za mu farka”, ga ayoyi biyar da ba su fito ko'ina a baya ba. Wa'azin yana iya zama mai kyau, a ajiye shi don bagadi. Sabuwar aya, ko sabon marubuci, ko sabon labari, in yana da muhimmanci, wurinsa babi na biyu ne ko na huɗu, inda za a auna shi.

Shawarwari

Akwai shawarwarin da in ka ciro su daga kundi ɗaya ka liƙa a wani ba wanda zai gane. Gwamnati ta samar wa matasa aikin yi. Fastoci su ƙara himma. Iyaye su kula da tarbiyyar 'ya'yansu. Ikilisiya ta dage da addu'a. Ba mai musun ko ɗaya, amma ba sai an yi wata tara ana bincike kafin a san su ba. Shawarar da ta cancanci shiga babi na biyar ita ce wadda za ka iya nuna shafin da ta fito a babi na huɗu.

Majalisar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 15, ta bar mana kyakkyawan misali. Tambaya ɗaya ce aka kawo, ko lalle ne al'ummai da suka ba da gaskiya su yi kaciya su kiyaye Shari'ar Musa. An saurari Bitrus, an saurari Barnaba da Bulus, Yakubu ya kawo Nassi, sa'an nan aka yanke magana a kan tambayar da aka kawo, ba wata ba. Wasiƙar ta faɗi waɗanda ake yi wa ita, wato 'yan'uwa na Antakiya da Suriya da Kilikiya. Abubuwan da aka ce su guje wa huɗu ne kawai. An kuma naɗa waɗanda za su kai ta su yi bayani da baki, Yahuza da Sila. Ga wanda aka yi wa, ga abin da zai yi, ga iyakarsa, ga wanda zai bi sawu.

In muka koma ga ɗalibinmu, maimakon “fastoci su ƙara kula da matasa”, zai iya cewa kwamitin dattawa na kowace ikilisiya cikin ukun ya gwada ba ƙungiyar matasa jagorancin sujadar Hausa sau ɗaya a wata, na tsawon wata shida, sa'an nan a duba ko halarta ta canja. Wannan dattawa za su iya karɓa ko su ƙi a zama ɗaya, domin sun san abin da ake nema. A lura kuma da ƙarfin wanda ake ba shawara. Cewa ikilisiyar ƙauye da take fama da albashin mai bishara ta sayi kayan kiɗa na zamani, shawara ce da ba ta san gidan da ta shiga ba. Uku ko huɗu masu tushe sun fi goma sha biyu. Ba cewa yawa laifi ba ne a kansa. Byang Kato, ɗan ƙasar Jaba, ya rufe littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975, wanda ya samo asali daga kundin digirinsa na uku a Dallas ta Amurka, da shawarwari goma, har yau kuma masu yarda da shi da masu ja da shi suna komawa gare su. Sun rayu ne domin ana ganin inda suka tsiro a cikin littafin.

Shawara don ƙarin bincike kuwa ta fito daga gibin da ka riga ka amsa cewa akwai. A misalinmu a bayyane take: wani ya nemo matasan da suka daina zuwa, ya yi hira da su.

Ga shugabannin ikilisiya da kundi irin wannan yake isowa teburinsu, kafin ku ɗauki mataki a kan wata shawara ku buɗe babi na uku, ku ga mutum nawa aka tambaya, a ina, su wane ne. An sha yanke wa mai hidima hukunci a zuci saboda jimla ɗaya da aka karanta. Ɗalibi ma ya kiyaye wannan. In ikilisiyoyi uku ne kawai ka bincika, ka kuma rubuta cewa faston ɗaya daga ciki ba ya ziyara, kowa a gunduma ya san da wa kake, ko ba ka kama suna ba. In ka yi wa waɗanda ka yi hira da su alkawarin rufa asiri, alkawarin bai ƙare a babi na huɗu ba.

Wajen gyara, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gama daftarin farko aƙalla mako biyu kafin ranar miƙawa, ka ajiye shi kwana biyu ko uku ba ka duba ba. Sa'an nan ka karanta da ƙarfi, kunne yakan kama abin da ido ya wuce. Ka ba wani abokin karatu babi na biyar shi kaɗai, ba tare da sauran ba, ka ce ya gaya maka tambayar da kake nema ka amsa. In ya kasa, laifin ba nasa ba ne. Mai rubutu da Turanci kuma ya gwada faɗin kammalawarsa da Hausa, ko da harshen gida, kamar yana yi wa shugabar Zumuntar Mata bayani. Jimlar da ta ƙi fassaruwa, sau da yawa ba kome a cikinta sai manyan kalmomi.

Idan malami mai duba aiki ya mayar maka da babin cike da jan biro, ka fara da manyan gyare-gyare, wato amsar da ta wuce shaida da shawarar da ba ta da tushe, kafin ka taɓa waƙafi da aya. Ba amfani ka gyara rubutun sakin layin da za a cire. Wani lokaci gyaran babi na biyar zai nuna cewa tambayar babi na ɗaya ce ta yi faɗi da yawa. Ana iya rage ta, amma da sanin malaminka, ba a ɓoye ba.

Tsakure, ko da yake a gaban kundi yake zama, shi ne na ƙarshe a rubutawa, kuma dole ya faɗi abin da gyararriyar kammalawa ta faɗa, ba tsohuwar ba. Bayansa sai manazarta. Ka bi tsarin da makarantarku ta zaɓa, na Turabian ne ko wani, ka tabbata kowane littafin da ka ambata a cikin kundi yana cikin jerin, duk wanda kuma yake cikin jerin ka ambace shi a wani shafi.