Akwai Rai a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Duk shekara idan hunturu ya kankama a arewacin Amurka da Kanada, sai wasu hotunan bidiyo su fara yawo a wayoyinmu. Ga mutum zaune a kan bokiti a tsakiyar fili fari fat, ya huda rami a gaban ƙafafunsa, ya zura fatsa, jim kaɗan ya jawo kifi yana wutsil-wutsil. Na sha zama a majalisar da ake miƙa irin wannan waya hannu zuwa hannu, kuma kusan kullum hukuncin ɗaya ne. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce an riga an ajiye kifin a ramin. Maganar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta wani dattijo da ya tsufa a sana'ar su. Ya duba hoton, ya miƙo mini wayar, ya ce: "Ɗana, ruwan da ya zama dutse, wane kifi zai rayu a cikinsa? In ma bai mutu ba, to barci yake yi kamar gaiwa, ba zai ci ƙugiya ba."

Baba bai yi maganar banza ba, daga abin da idonsa ya gani ya yi ta. Ya san yadda kamu ke ja baya idan sanyin hunturu ya tsananta a kogi. Ya san gaiwa, mai shigewa cikin laka ta kwanta wata da watanni har ruwan sama ya sauko. Karfasar da ya saba kamawa kuwa, da za a saka ta a ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 10, ba za ta daɗe ba za ta mutu. Kifin da muka sani tare da ƙanƙara shi ne na kwali, wanda ake saukewa daga motar sanyi a kasuwa, ya sandare kamar itace. Duk wanda ya tashi da wannan sani, dole ya ɗauka tafkin da ya daskare maƙabarta ce. Sai dai Allah ɗaya, gari bamban. Da dukkan girmamawa nake cewa abin ba haka yake ba, kuma kuskuren yana ɓoye mana wani darasi da ya shafe mu.

Farkon abin da ya kamata a gane shi ne tafkin ba ya daskarewa har ƙasa. Ruwa yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da yawancin abubuwa masu gudana: ya fi nauyi a wajen digiri 4, ba a lokacin da ya daskare ba. Idan sanyi ya fara shiga, ruwan sama yakan huce ya nutse, na ƙasa ya taso, a yi ta juyawa har tafkin duka ya kai digiri 4. Daga nan duk ruwan da ya fi haka sanyi ya fi sauƙin nauyi, sai ya tsaya a sama, a can ya daskare. Ita kanta ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin goma, shi ya sa take yawo a saman kofi maimakon ta nutse. Da zarar ta rufe fuskar tafki sai ta zama murfi, dusar da ke zuba a kanta kuma ta zama bargo. A arewacin jihar Minnesota iska kan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, ƙanƙarar babban tafki ta yi kaurin da ya kusa mita guda, har motoci su bi ta kai. Duk da haka, a ƙarƙashinta ruwa ne tsundum, yana tsakanin sifili da digiri 4, babu guguwa, babu igiyar ruwa. Mai fatsa da ke zaune a sama ya fi kifin da ke ƙasa shan sanyi nesa ba kusa ba.

To, ko barci suke yi kamar gaiwa? A nan Baba yana da rabin gaskiya. Jinin kifi yana bin yanayin ruwan da yake ciki, don haka a sanyi motsinsa kan ragu, abincin da yake bukata ma ya ragu. Wasu nau'o'in, musamman masu son ruwan ɗumi, sukan taru a zurfi su yi lamo. Amma manyan kifayen da ake bi a wannan lokaci 'ya'yan sanyi ne, a cikinsa aka halicce su.

Ɗauki faik, dogon kifin nan mai baki kamar na agwagwa da haƙora masu tuna wa mutum tsage. Babba yakan wuce mita guda. Farautarsa kwanton ɓauna ce: ya laɓe a gefen ciyawar ruwa, ya jira, ya zabura sau ɗaya. Hunturu bai hana shi wannan ba. Masu su sukan ɗora wani ɗan katako a bakin ramin, da igiya da ƙaramin kifi a ƙugiya, da 'yar tuta a naɗe. Idan faik ya fizgi igiyar sai tutar ta miƙe, mai ita ya sheƙo da gudu. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na yankin, suna sassaƙa kifin itace su zura shi a rami, su lulluɓe kansu don duhu ya ba su damar ganin cikin ruwa, su soki faik da mashi idan ya taso wa kifin ƙaryar. Har yau ana wannan su a cikin bukkoki masu duhu a Minnesota. Kifin da ke barci ba ya kai wa itace hari.

Sai walai, wanda Ojibwe ke kira ogaa, kuma jihar Minnesota ta ɗauke shi kifinta na alfahari a 1965. A bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Wannan ya ba shi ikon gani a inda ƙananan kifayen da yake ci ba sa gani sosai. Duhun da ƙanƙara da dusa suke jefawa cikin ruwa riba ce a gare shi. Masu su sun san lokutansa kamar yadda manomi ya san hadari: da asuba da kuma dab da faɗuwar rana. Saboda shi ne ake kafa dubban bukkoki a kan tafkin Mille Lacs da Lake of the Woods, har su zama kamar ƙauyuka, da hanyoyin mota da aka share a kan ƙanƙara. A tafkin Winnipeg na Kanada ma haka abin yake.

Tirawut na tafki ya fi su duka ƙaryata zancen. Shi zafi ne abokin gabarsa. A watannin ɗumi yakan gudu can ƙasa, inda ruwa ke wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, sai a sha wuya kafin a kai gare shi. Hunturu ne ke buɗe masa tafkin gaba ɗaya, ya yi yawo sama da ƙasa yana korar ƙananan kifaye, wani lokaci dab da ƙanƙarar. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ƙwansa. Yakan zuba shi a tsakanin duwatsu kafin ruwa ya daskare, wajen watan Oktoba, ƙwan ya kwana a wurin tsawon hunturu, ya ƙyanƙyashe bayan wata huɗu ko biyar, sau da yawa tun murfin bai buɗe ba. Wurin da muka ɗauka kabari ne, ashe ɗakin haihuwa ne.

Adalci ya sa in faɗi inda zancen Baba yake cika. Akwai tafkunan da kifi ke mutuwa a cikinsu da hunturu, har in ƙanƙara ta narke a tarar da gawarwaki jibge a gaɓa. Wannan yakan faru a tafki marar zurfi mai yawan ciyawa. Idan dusa ta yi kauri ta tare hasken rana, tsirran ruwa su daina fitar da iskar oksijin, ruɓaɓɓen ganye a ƙasa kuma ya ci gaba da shanye wadda ta rage, murfin ƙanƙara ya hana sabuwa shiga. Tirawut ne ke fara faɗuwa domin ya fi bukatar iska, dangin tarwaɗa su ne ke jurewa har ƙarshe. Amma a lura da abin da ya kashe su: shaƙewa ce, ba daskarewa ba. Shi ya sa maganin da ake yi a irin waɗannan tafkuna shi ne kafa injin da ke motsa ruwa ya bar wani sashe a buɗe. Ba wanda ke ƙoƙarin ɗumama tafki. Shi ma mai fatsa akwai haɗari a kansa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana gargaɗin kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai kaurin inci 4 ba, wato santimita 10, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin garai-garai take da shi.

Me ya sa na damu da gyara wannan fahimta, alhali tafkunanmu ba sa daskarewa? Domin wanda ya yarda sanyi ne babban makashin kifi, zai ɗauka narkewar ƙanƙara ita ce ƙarshen haɗari. A gaskiya a nan haɗarin yake farawa. Idan murfin ya buɗe a watan Afrilu ko farkon Mayu, iska takan juya tafkin daga sama har ƙasa, oksijin ya wadata, kifaye su nufi wuraren zuba ƙwai. Faik ne ke fara tafiya, wani lokaci tun da sauran ƙanƙara a tsakiyar tafki. Yakan shiga fadamun da ruwan narkewa ya malale, ya zuba ƙwai masu manne wa ciyawa, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Walai yana biye da shi idan ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10, ya yi dafifi a bakin koguna da wuraren tsakuwa, da dare. Mace guda takan ɗauki ƙwai dubu goma-goma, babba har fiye da dubu ɗari. Kifin da ya watsu cikin faɗin tafki duk hunturu, yanzu ga shi a tattare a wuri ɗaya, a ruwa kaɗan, cikinsa cike da zuriyar shekaru masu zuwa. Mutum ɗaya da taru zai iya yin ɓarnar da watanni biyar na ƙanƙara ba su yi ba.

Mutanen can sun gane haka, dokarsu ma ta nuna. A yawancin ruwayen cikin Minnesota an yarda a kama walai da faik a tsakiyar hunturu, amma ana rufe kamun a ƙarshen Fabrairu, ba a buɗewa sai tsakiyar Mayu, bayan an gama zuba ƙwai. Ranar buɗewar kamar ranar salla take a jihar. A kogin Maumee na jihar Ohio, inda walai ke haurowa daga tafkin Erie a Maris da Afrilu, an bar mutane su yi fatsa, amma da sharuɗɗa masu tsauri: ƙugiya guda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a sassan da aka ware, kuma kifin da ƙugiya ta soka a jiki maimakon baki dole a mayar da shi ruwa.

Labarin Red Lake, a arewacin Minnesota, ya isa hujja. Tafki ne da ya ga dubban hunturu yana cike da walai. A shekarun 1990 kifin ya kusa ƙarewa, kuma kowa ya san dalili: kamun da ya wuce kima, ta ɓangaren masu taru da ta masu fatsa. A 1997 masuntan Ojibwe na yankin suka dakatar da kamun kasuwancinsu da kansu. A 1999 aka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha, aka haramta kama walai a tafkin gaba ɗaya, aka zuba 'ya'yan kifi don taimaka wa waɗanda suka rage. Ƙanƙara ta ci gaba da rufe tafkin kowace shekara kamar yadda ta saba. A 2006 aka sake buɗe kamu, kifi ya dawo da yawansa. Hunturu bai canza ba ko kaɗan a tsawon waɗannan shekaru. Hannun mutane ne ya canza.

A nan ne nake ganin Baba zai gyaɗa kai, domin wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinsa. Ya san dalilin da ya sa ake hana su a Matan Fada har ranar bikin Argungu. Ya san aikin Sarkin Ruwa bai tsaya ga addu'a da tsari ba, har da faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a bar shi ya huta. Ya san kuma yadda kifinmu ke bin ambaliyar damina ya shiga fadama ya zuba ƙwai, daidai yadda faik ke bin ruwan narkewa, da irin asarar da ake yi idan aka tare shi a hanya da raga mai ƙananan idanu.

Hausawa na cewa in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba mai musa masa. Kifin da ke fitowa daga ramin ƙanƙara yana wutsil-wutsil shaida ce daga cikin ruwa, kuma na karɓe ta. Wanda ya halicce shi ya tanadar masa murfi da bargo da idon gani a duhu, ya isar masa a kan sanyi. Saura makonnin nan kaɗan da yake fitowa gaɓa da ciki, waɗannan an bar su amana a hannun masunta, na Red Lake da na Yauri duka.