Raya Fadamar Gulbin Kabi da Itatuwan Gaɓarta



Duk wanda ya tsaya a kan tudun Birnin Kebbi ya hangi fadamar Gulbin Kabi, wadda ta miƙe har Argungu, ya ga rumbun mutanen ƙasar nan. Abin da ke rayar da ita kuwa ambaliya ce mai zuwa a kan kari. Ruwa yakan hau a ƙarshen damina ya shimfiɗa laka, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, sa'an nan ya janye ya bar tafkuna ga masunta da danshi ga manoma da makiyaya.

Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, hawan ruwan ya koma hannun mai buɗe ƙofar madatsa. Wata shekara ya gaza, wata kuma ya zo da ɓarna, kamar yadda aka gani a 2010. Saboda haka matakin farko na gyara shi ne a daidaita sakin ruwa da lokacin hayayyafar kifi da na shukar shinkafa.

Na biyu shi ne itatuwan bakin gulbi, watau giyayya da kanya da bagaruwa, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe gaɓa. Idan aka sare su domin girki ko gawayi, aka kai garma har bakin ruwa, sai gaɓa ta zube, yashi ya cike tafki. Maganin da muka saba da shi shi ne bikin dashen itatuwa: a raba 'ya'yan darbejiya, a ɗauki hoto, kafin rani ya raba tsakiya awaki sun gama da su. Ba na raina darbejiya, ta yi wa titunanmu inuwa, amma ba ita ce mai gidan fadama ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya tun 1983, wadda suke kira sassaben zamani. Manomi ba ya dasa kome. Kututturen da ke gonarsa, wanda saiwarsa ke da rai a ƙasa, shi yake bari ya toho, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse saura, ya tsare su daga gatari da wuta. An ƙiyasta cewa ta haka aka mayar da itatuwa a fili mai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Sharaɗinta ɗaya ne: manomi ya tabbata itacen nasa ne, domin ba mai renon abin da za a ci shi tara in ya taɓa.

Dabarar tsare ruwa kuwa ba sai mun aro ba. A Argungu ana hana su a Matan Fada har ranar biki, Sarkin Ruwa na lura, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa. Bikin ya faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. A ganina ya kamata a shimfiɗa wannan hani zuwa wasu zaɓaɓɓun tafkuna tsakanin garuruwan biyu, tare da ɗan zirin gaɓa da ba a noma, a bar wa shanu mashaya sananniya, a kuma danƙa tsaronsu ga sarakunan ruwa da dagatai, ma'aikatan gandun daji na taimaka musu.