Master of Orion: Abin da ya bambanta wasan 1993 da waɗanda suka gaje shi

A shekarar 1993 kamfanin MicroProse na Amurka ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Master of Orion. A cikinsa ana damƙa wa mai wasa duniya guda a wani lungu na sararin samaniya, tare da kumbuna biyu na leƙe da ɗaya na kai mazauna, sannan a bar shi ya gina daula. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Simtex da ke birnin Austin a Jihar Texas ya ƙirƙiro shi, ƙarƙashin jagorancin Steve Barcia.

Fiye da shekara 30 ke nan, an kuma fitar da wasanni uku da suka gaji wannan suna: a 1996 da 2003 da 2016. Sai dai har yau masu sha'awar irin wannan wasa ba su daina muhawara ba a kan wanda ya fi tsakanin na farko da na biyu. Na uku kuwa, wanda ya fi su yawan abubuwa a ciki, da wuya a ji an sa shi a wannan gasa.

Wanda ya duba wasannin da kyau zai ga cewa ainihin abin da ya raba su tambaya ce da duk mai riƙe da ma'aikata ko harkar kasuwanci mai rassa ya sani: wane ɓangare na aiki shugaba zai riƙe a hannunsa, wanne kuma zai saki ga na ƙasa da shi? Kowane ɗaya daga cikin wasannin ya ba da amsa dabam, kuma amsar ce ta ɗaukaka shi ko ta kayar da shi.

Yadda ake buga irin wannan wasa

Ba wasan saurin yatsa ba ne. Kamar dara, bi-da-bi ake yin sa: mai wasa zai yanke duk shawarwarinsa cikin natsuwa, ya danna maɓalli, kwamfuta ta yi takun abokan hamayya, sannan a shiga zagaye na gaba.

Wani marubuci mai suna Alan Emrich, da yake sharhi a kan wasan a mujallar Computer Gaming World a 1993, ya taƙaita shi da kalmomin Turanci huɗu waɗanda kowacce ke ɗauke da harafin X. Ma'anarsu ita ce bincika taswira, faɗaɗa iyaka, cin gajiyar albarkatu, da kawar da abokan gaba. Daga nan aka samo laƙabin 4X da har yanzu ake kiran wannan rukuni na wasanni da shi.

A wasan farko al'ummomi goma ne, kowacce da baiwarta. Psilon sun yi fice a binciken kimiyya, Klackon masu kama da tururuwa sun fi kowa ƙwazon aiki, Darlok gwanayen leƙen asiri ne, Silicoid kuma halittu ne na dutse da ke iya zama a kowace irin duniya amma ba sa saurin hayayyafa. 'Yan Adam su ne gwanayen ciniki da diflomasiyya. A wata tauraruwa mai suna Orion akwai taskar fasahar wata tsohuwar al'umma da ta shuɗe, wadda wani ƙaton kumbon yaƙi ke gadi.

Na farko: mulki da kasafi

A wasan 1993 babu tauraruwar da ke da fiye da duniya ɗaya. Ƙaramar taswira tana da taurari 24, mafi girma kuma 108. Kowace duniya da mutum ya mallaka tana da ma'aunai biyar da ake ja dama ko hagu: ƙera kumbuna, tsaro, masana'antu, tsaftace muhalli, da bincike. Abin da duniyar ke samarwa shi ake rabawa a tsakanin waɗannan biyar.

Kasafin kuɗi ne zalla. Mai wasa ba ya cewa a gina wannan masana'anta ko waccan. Yana cewa ne kaso kaza ya tafi ga masana'antu, sauran kuma wasan ya ƙarasa. Idan aka ƙara wa tsaro, dole bincike ko masana'antu su ragu, kuma mutum yana ganin hakan da idonsa nan take. Idan aka gano wata sabuwar fasaha da ke buƙatar kashe kuɗi a ko'ina, wasan yakan tambaya sau ɗaya ko a daidaita kason dukkan duniyoyi, a wuce wurin.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da suka ƙara wa wasan armashi. Ta farko, ba a yarda mutum ya riƙe samfurin kumbo fiye da shida a lokaci guda ba. Idan yana son na bakwai, sai ya rushe ɗaya daga cikin tsofaffin, tare da duk kumbunan da aka ƙera a kan wannan samfuri. Saboda haka sabunta runduna shawara ce mai tsada da sai an yi tunani.

Ta biyu ita ce tsarin bincike. Fannoni shida ne, amma a kowane sabon wasa kwamfuta tana ɓoye wani kaso na fasahohin ba tare da mai wasa ya zaɓa ba. Yana iya wayar gari ya tarar babu injin kumbo mai sauri a jerinsa, ko babu garkuwar da yake buƙata. Abin da ya rage masa shi ne ya yi musaya da maƙwabci, ko ya tura 'yan leƙen asiri su sato, ko ya ci wata duniya da yaƙi ya kwashe iliminta. Wannan giɓi shi ne ke tilasta hulɗa da wasu, shi ne kuma ke sa wasan yau ya bambanta da na jiya.

Ana cin nasara ta hanya biyu: ko a murƙushe kowa, ko majalisar taurari ta zaɓi mutum shugaba da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, inda yawan jama'a ke ƙayyade ƙuri'un kowace daula.

Rauninsa a bayyane yake. Duniyoyin ba su da wata kama ta kansu, duk alƙaluma ne. Kumbunan yaƙi kuma ana tara su ne rukuni-rukuni, dubbai a ƙarƙashin hoto guda. Mai son ya ga abin da ya gina da hannunsa ba zai gamsu ba.

Na biyu: komai a hannun sarki

Master of Orion II: Battle at Antares ya fito a 1996, kuma ya amsa kusan duk koke-koken da aka yi a kan na farko. Al'ummomi sun zama 13 bayan ƙarin Elerian da Gnolam da Trilarian, kuma mai wasa na iya tsara tasa al'ummar da wasu ƙayyadaddun maki. Tauraruwa guda tana iya ɗaukar duniyoyi har biyar. Ana raba mazauna kowace duniya zuwa manoma da ma'aikata da masana kimiyya, ana jigilar abinci daga inda ake da rara zuwa inda babu, ana ɗaukar hayar gwamnoni da kwamandoji, kowane gini kuma sai an zaɓe shi da sunansa. A fagen daga kowane kumbo yana tsaye da kansa, da makamansa da ɓangaren garkuwarsa.

An kuma ƙaro Antaran, wasu tsofaffin abokan gaba da ke kai farmaki ba zato ba tsammani. Cin gidansu da yaƙi ya zama hanya ta uku ta samun nasara. Har mutum takwas na iya fafatawa a wasa guda.

Sa'o'in farko na wannan wasa suna cikin mafi daɗi da aka taɓa tsarawa a wannan rukuni, shi ya sa masu yawa ke ɗaukar sa a matsayin gwarzo. Matsalar tana zuwa ne bayan daula ta bunƙasa. A ce mutum ya kai duniyoyi 40. Kowacce tana son a gina mata masana'anta da ɗakin bincike da barikin soja da tashar kumbo, kusan a jeri iri ɗaya da na 'yar'uwarta. Sarkin da ya fara da tunanin wa zai ƙulla ƙawance da shi, sai ya koma magatakarda mai sa hannu a takarda iri guda sau 40. Akwai maɓallin da ke barin kwamfuta ta zaɓi gine-gine, amma zaɓinta ba ya gamsar da wanda ya ƙware, don haka yawanci ba a amfani da shi.

Tsarin bincike ma ya sauya. A kowane mataki ana gabatar da fasahohi biyu ko uku, mutum ya ɗauki ɗaya ya haƙura da sauran, sai fa al'umma mai baiwar ƙirƙira kamar Psilon, wadda ke samun duka. Zaɓi ne mai ma'ana a karon farko. Amma da yake jerin ba ya canjawa, da zarar mutum ya gano wanda ya fi amfani a kowane mataki, hanya ɗaya zai riƙa bi kullum. Abin da na farko ya samu ta hanyar ɓoye wa mai wasa wasu fasahohi, na biyu ya rasa shi.

Na uku: wakilai sun karɓe ragama

An rufe Simtex a 1997. Mallakar sunan wasan ta bi MicroProse zuwa hannun Hasbro, daga nan zuwa kamfanin Infogrames na Faransa, Quicksilver Software kuma shi ya yi aikin wasa na uku. Cikin waɗanda suka tsara shi tun farko har da Alan Emrich, wancan marubuci da ya raɗa wa rukunin suna.

Masu tsarawar sun gane ciwon na biyu sarai. Shawarar da suka fara yankewa ita ce a ƙayyade yawan umarnin da sarki zai iya bayarwa a kowane zagaye, sauran al'amura kuma wakilai da kwamfuta ke sarrafawa su gudanar. Da haka dole mutum ya zaɓi abin da ya cancanci hankalinsa. Amma an cire wannan ƙa'ida kafin wasan ya fito a 2003, Emrich ma ya bar aikin. Wakilan kuwa aka bar su.

Sakamakon ya zama an gudu ba a tsira ba. Kowace duniya tana da wakili mai yanke shawara, mai wasa kuma yana iya kutsawa ya gyara, sai dai ta cikin shafuka masu tarin alƙaluma da mutane da dama suka kwatanta da takardar lissafi ta ofis. Abin da ya fi ɓata rai shi ne wasan ba ya bayyana dalili. Mutum zai ba da umarni, ya kasa gane ko an bi, ko kuma me ya haifar. Sukar da ta fi yawo a lokacin ita ce mutum na iya zama yana danna maɓallin zagaye na gaba kawai, daular ta ci gaba da tafiya ba tare da shi ba.

A nan ne bambancinsa da na farko ya fito fili. Dukansu sun sauke wa shugaba ƙananan ayyuka. Amma a wasan 1993 abin da aka miƙa wa kwamfuta aikin ƙarfi ne kawai, shawara tana hannun mai wasa, sakamako kuma a gabansa yake. A na 2003 shawarar kanta aka miƙa, ba tare da rahoton da za a iya karantawa ba. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Bayan gwanjo

Infogrames ya koma amfani da sunan Atari, kuma lokacin da reshensa na Amurka ya durƙushe a 2013 an yi gwanjon kadarorinsa. Kamfanin Wargaming, mai wasan World of Tanks, shi ya sayi Master of Orion, ya ba NGD Studios na ƙasar Ajantina aikin farfaɗo da shi. Sabon wasan ya fito a 2016 da zane mai kyau da muryoyin fitattun 'yan fim irin su Mark Hamill. A tsari ya fi jingina da na biyu, sai dai ya ɗauko abu biyu daga na uku: kumbuna na bin ƙayyadaddun hanyoyi tsakanin taurari, yaƙi kuma yana gudana kai-tsaye maimakon bi-da-bi. An karɓe shi a matsayin wasa mai sauƙin shiga, amma bai kawo sabuwar amsa ga tsohuwar tambayar ba.

A wannan shekarar ce kamfanin Paradox na Suwidin ya fitar da Stellaris. A fitowarsa ta farko ya ƙayyade yawan duniyoyin da mai wasa zai riƙe kai-tsaye, sauran kuma dole ya miƙa su ga yankuna da kwamfuta ke gudanarwa. Masu wasa sun yi ta ƙorafi a kan yadda yankunan ke tafiyar da dukiya, kamfanin kuma ya yi ta sauya tsarin daga baya. Wato shekara 23 bayan wasan Simtex, ana nan ana fama da matsala guda.

Wanne za a fara da shi?

Wasannin 1993 da 1996 ana sayar da su tare a shagunan intanet irin su GOG, an kuma haɗa su da manhajar DOSBox da ke sa tsofaffin wasanni su yi aiki a kwamfutocin zamani. Ba sa cin data mai yawa wajen saukewa, ba sa buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma ana buga su ba tare da intanet ba. Akwai kuma Remnants of the Precursors, wanda masoya suka sake ginawa a kan ƙa'idojin na farko da sabon zane, ana samun sa kyauta.

Mai ƙarancin lokaci, wanda sai bayan an tashi daga aiki ko an rufe shago yake samun sa'a ɗaya ko biyu, ya fara da na farko a ƙaramar taswira mai taurari 24. Kowane zagaye 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma kusan kowace shawara tana da nauyi. Mai son ƙera kumbo da tsara al'umma ya ɗauki na biyu, amma ya guji taswira mafi girma mai taurari 72, domin a can ne aikin magatakarda ke cinye daɗin wasan. Na uku kuwa ya fi dacewa da mai nazarin yadda ake tsara wasanni, wanda ke son ya ga abin da ke faruwa idan aka ba wakili iko ba a ɗora masa nauyin ba da bahasi ba.