Zaɓen Injin Sarbo: Abin da Ya Kamata Mai Masana'anta Ya Sani Kafin Ya Fitar da Kuɗi

Daga cikin kayayyakin da masu masana'antu ke shigowa da su ƙasar nan, da wuya a sami mai ƙaramin jiki da girman tasiri kamar ɗan injin nan na lantarki da injiniyoyi ke kira sarbo. Shi ne ke motsa hannun mutum-mutumin inji, shi ke jan leda daidai gwargwado a na'urar ƙulle kaya, shi ke tafiyar da allura a keken ɗinki na kamfani, shi ne kuma ke jan wuƙa a na'urorin yankan ƙarfe da katako masu aiki da kwamfuta. Tun daga Ikeja da Agbara da Ota har zuwa Nnewi da Aba da Sharaɗa ta Kano, duk ranar da wannan ɗan inji ya tsaya, aikin masana'anta gaba ɗaya ne ke tsayawa.

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a kasuwar canji, duk abin da ake saye da dala ya ƙara tsada, don haka kuskure wajen sayen inji ya zama hasara mai ciwo. Abin lura shi ne, ingancin sarbo ba a sunan kamfani ko tsadar kuɗi kawai yake ba. Inji nagari shi ne wanda ya dace da nauyin aikin da za a ɗora masa, ya dace da wutar da za a ba shi da yanayin wurin da zai zauna, kuma ake samun mai gyara shi da kayan gyaransa a kusa.

Mene ne sarbo?

Injin lantarki na yau da kullum, irin na fanka ko na famfon ruwa, da zarar an ba shi wuta sai ya yi ta juyawa, ba ruwansa da inda ya kai. Shi kuwa sarbo ana ba shi umurni ne ya je wuri kaza, cikin sauri kaza, ya tsaya cak. Abin da ya ba shi wannan baiwa wata 'yar na'ura ce da ke bayansa, wadda ake kira enkoda. Ita ce ke ƙidaya juyin sandar injin tana sanar da akwatin da ke sarrafa wutarsa, shi kuma akwatin ya gwada inda aka ce a je da inda aka kai, ya ƙara wuta ko ya rage, sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Ke nan mai sayen sarbo abu uku yake saye: inji da enkoda da akwatin sarrafawa, kuma wajibi ne su kasance masu jituwa da juna.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai ma'anar bawa, kuma wani injiniya ɗan Faransa, Joseph Farcot, shi ya yaɗa shi a 1873 a kan na'urorin tururi masu juya akalar jiragen ruwa. Mutum-mutumin inji na farko da ya yi aiki a masana'anta, wato Unimate, ya fara ne a 1961 a kamfanin General Motors na Amurka, amma da ƙarfin matsin mai yake motsi. Sai a shekarun 1970 kamfanin ASEA na Suwidin da Yaskawa na Japan suka fito da masu aiki da lantarki, daga nan sarbo ya mamaye fagen.

Iri biyu ne a kasuwa

Akwai ƙananan sarbo da ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha ke amfani da su wajen ƙera ƙananan mutum-mutumi da jirage marasa matuƙi. Galibin waɗannan suna aiki da wutar bolt 4.8 zuwa 6, kuma yawancinsu ba sa juyawa fiye da rabin da'ira. Mafi shahara a cikinsu su ne SG90 mai nauyin giram 9 da haƙoran roba, da MG996R mai haƙoran ƙarfe. Suna da araha, amma jabunsu ya cika kasuwa, kuma ba a yi su don aikin dare da rana ba.

Sai manyan sarbo na masana'antu, irin waɗanda Yaskawa da Mitsubishi da Panasonic da Fanuc na Japan, da Siemens na Jamus, da Delta na Taiwan, da Inovance na Sin ke ƙerawa. Galibinsu suna yin juyi 3,000 a minti, kuma ƙarfinsu yana kamawa daga wat 50 zuwa dubban wat.

Akwai kuma wani inji mai tafiya taki-taki da ake kira sitefa, wanda galibi ke cika juyi ɗaya da taki 200. Ya fi sarbo araha ƙwarai, amma da yake yawanci ba shi da enkoda, idan nauyi ya yi masa yawa sai ya tsallake taki ba tare da kowa ya sani ba. Ga aiki mara nauyi da ba ya bukatar sauri, sitefa ya wadatar, kuma sayen sarbo a nan ɓarnar kuɗi ce.

A fara da lissafin nauyi

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne duba yawan wat kaɗai. Abin da ke ɗaga kaya shi ne ƙarfin murɗawa. Alal misali, ɗalibin da ke son hannun mutum-mutumi mai tsawon santimita 30 ya ɗaga rabin kilo, yana bukatar ƙarfin murɗawa na kilo-santimita 15, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba. MG996R kuwa iyakarsa wajen kilo-santimita 10 ne, kuma wannan adadi shi ne inda yake cijewa ya kasa motsi, ba inda yake aiki cikin walwala ba. Masu hankali sukan ɗora wa irin waɗannan rabin abin da aka rubuta ne kawai. Haka kuma sukan ba su wuta ta daban, domin idan ya cije yakan ja fiye da amfiya 2, abin da allon Arduino ba zai iya bayarwa ba.

A manyan injuna, sarbo mai wat 400 da ke juyi 3,000 a minti yana ba da ƙarfin murɗawa na niyutan-mita 1.27, mai wat 750 kuma 2.39. Kowannensu na iya ninka wannan kamar sau uku, amma na ɗan lokaci kaɗan, wajen tashi ko tsayawa. Dillalin da ya nuna wa mai saye wannan babban adadi a matsayin ƙarfin aikin kullum, ya yaudare shi, domin injin da aka tilasta wa zama a can zai yi zafi har naɗin wayarsa ya ƙone.

Abu na biyu shi ne taurin kaya wajen tashi da tsayawa. Idan abin da ake juyawa ya rinjayi zuciyar injin da yawa, sai ya riƙa wuce inda aka ce ya tsaya, yana kakkarwa. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba bi ita ce kada rinjayen ya wuce ninki goma a aikin da ke bukatar daidaito. Maganin wannan sau da yawa ba babban inji ba ne, akwatin giya ne: giyar da ta rage gudu sau 5 tana rage wannan tauri sau 25.

Wuta da ƙura da zafi

A nan ne yanayin ƙasarmu ya sha bamban da na ƙasashen da ake ƙera injunan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, kimanin 400 a layi uku. Masana'antun Japan kuwa da bolt 200 suke aiki a layi uku. Duk wanda ya sayo na'ura ta hannu daga can ya haɗa ta kai tsaye da layi ukun nan ba tare da taransifoma ba, ya ƙona akwatin sarrafawa nan take. Wajibi ne a karanta ɗan farantin da ke jikin akwatin kafin a biya kuɗi.

Babban layin wutar ƙasa ya durƙushe sau da dama a 2024, kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareto kan zo da hawa da saukar wuta. Saboda haka kuɗin sitabilaiza da na'urar kare tsawa da kyakkyawar wayar ƙasa wani ɓangare ne na kuɗin injin. Haka zalika, enkoda iri biyu ce: akwai mai manta inda take da zarar wuta ta ɗauke, sai an mai da na'ura mafarinta, akwai kuma mai riƙe matsayinta, galibi da taimakon ɗan batir. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, ta biyun kan ceci kayan da ke kan aiki daga lalacewa. Idan kuma injin yana ɗaga kaya sama ne, tilas ya kasance mai birki da ke kamawa da kansa in wuta ta tafi, in ba haka ba kayan su faɗo a kan ma'aikaci.

Game da ƙura, a nemi lambar kariya da ke jikin inji. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma yana jure feshin ruwa. IP67 kuwa yana jure nutsewa na ɗan lokaci. Masu masana'antun gari da siminti da abincin dabbobi, da duk wanda ya san hazon hunturu, kada su sauka ƙasa da IP65. Yawancin injunan an auna ƙarfinsu ne a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a bazara zafin garuruwan Arewa kan haura haka, balle cikin rumfar kwano. Sai a bar rara wajen zaɓen ƙarfi, a kuma sa fanka da matatar iska a akwatin wuta.

Bayan saye fa?

Mu ɗauka na'urar ƙulle kaya tana fitar da ƙunshi 60 a minti. A aikin awa 8 ƙunshi 28,800 ke nan. Idan sarbonta ya mutu aka yi mako uku ana jiran wani daga waje, abin da aka rasa ya ninka ragin da aka samu wajen sayen mai araha sau da yawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Don haka kafin a saya, a tambaya ko kamfanin yana da wakili a ƙasar nan, ko akwai garanti a rubuce, ko akwai littafin aiki da manhajar saita injin, da kuma ko ana ci gaba da ƙera samfurin. A duba lambar jikin inji a tabbatar da ita wurin wakili. Mai sayen na hannu ya sa a kunna shi a gabansa, ya saurari ƙarar boris, ya duba tarihin kurakuran da akwatin ya ajiye. Mai shigowa da kaya da kansa kuma ya tuna da Fom M da takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa. Yana da kyau masana'anta ta tsaya a kan kamfani ɗaya ko biyu, domin inji ɗaya na ajiya ya iya maye gurbi a na'urori da yawa.

Akwai kuma abin da ya shafi kasuwar duniya. Zuciyar sarbo na zamani maganaɗisun niyodimiyam ne, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, kuma ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa. A watan Afrilun 2025 Sin ta sa sharaɗin lasisi a kan fitar da wasu ma'adinai bakwai da maganaɗisun da ake yi da su, abin da ya girgiza masana'antun Turai da Amurka. Darasin a nan shi ne, kayan gyara na iya yankewa ba zato, kuma mai ajiya shi ke da kwanciyar hankali.

Daga ƙarshe, shawara ga 'yan kasuwa ita ce su biya ƙwararren injiniya ya yi lissafin nauyi da sauri da wuta a rubuce kafin a je wurin dillali. Kuɗin wannan lissafi bai kai na inji ɗaya da ya ƙone ba.