Tsidau, Ƙusa da Iska: Kare Tayar Keken Lantarki Daga Faci

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin mota ya zama abin lissafi ga malamai da ɗalibai a garin Kaduna. Wasu sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu kuma masu ɗan hali sun sayi keke mai aiki da batir, wato keken lantarki. Abin hawa ne mai daɗi, musamman ga mai tasowa daga Kawo ko Unguwar Dosa zuwa cikin gari ta titin Ali Akilu. Sai dai daɗin yakan yanke ranar da tayar baya ta yi faci.

Dalili kuwa shi ne, keken da aka saba da shi bai cika wuce kilo 15 ba, amma na lantarki yakan kai kilo 20 zuwa 30, don haka tura shi a ƙasa cikin rana wahala ce. Har ila yau, a yawancin irin waɗannan kekuna injin yana zaune ne a cibiyar ƙafar baya, da wayar lantarki a jikinsa. Mai facin da bai saba da su ba yana iya fizge wayar nan garin cire ƙafar, sai ƙaramar matsala ta koma gyaran inji. Shi ya sa ya kamata mai keke ya san abubuwan da ke fasa taya tun kafin su same shi.

Babban abokin gāba a cikin tsirrai shi ne tsidau, wanda masana ke kira Tribulus terrestris. Ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa, da ƙananan furanni rawaya, tana son busasshen wuri kamar gefen hanya da filin ƙwallo da kangon fili. Idan ɗanta ya nuna yakan rabu gida biyar, kowane ɓangare da ƙayoyi masu tauri. Tsirin bai yi wannan ƙaya don mugunta ba. Dabara ce ta yaɗa iri. Ƙayar takan maƙale a kofaton akuya ko tafin ƙafar mutum, a kai ta wani wuri ta tsira. Ita tayar keke, a wurin tsidau, kofato ce kawai mai saurin tafiya. Sunan kimiyyar ya samo asali ne daga wani ƙarfe mai tsinaye da mayaƙan da suke watsawa a gaban dawakin abokan gāba, kuma a Amurka sunan da aka laƙaba wa tsirin yana nufin ciyawa mai fasa taya. Lokacin da ya fi ɓarna shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da 'ya'yan suka bushe suka zube. Mai yanke hanya ta cikin fili don ya rage minti biyu, shi ne ya fi haɗuwa da shi.

Abin lura shi ne, ƙaya ba ta cika fasa tiyub nan take ba. Takan fara kafewa ne a fatar taya, sa'an nan kowane juyi ya ƙara tura ta ciki kaɗan kaɗan. Wanda ya saba juya tayarsa a hankali kowace yamma yana cire abin da ya maƙale, ya tsere wa faci da yawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Haka abin yake ga ƙusa da guntun waya da fasasshiyar kwalba, waɗanda suka fi yawa a wuraren aikin ƙarfe kamar kewayen Panteka, da kuma can gefen kwalta inda ruwan sama ke tara shara. Sau da yawa tayar gaba ce ke tayar da ƙusar da ke kwance, ta baya ta taka ta a tsaye.

To amma akwai facin da babu ruwan ƙaya a cikinsa, kuma shi ne ya fi addabar keke mai nauyi. Idan iska ta yi ƙaranci, sa'an nan aka faɗa rami ko aka hau tudun rage gudu da ƙarfi, taya takan lotse har bakin ƙarfen ƙafar ya datse tiyub. Alamarsa ƙananan huji biyu gefe da gefe, kamar saran maciji. Maganinsa iska daidai gwargwado. A gefen kowace taya an rubuta iyakar matsin da ya dace da ita, kuma matsa ta da yatsa ba awo ba ne; gara a yi amfani da famfo mai agogo, a kuma duba kowane mako. Ko da babu huji, iska tana silalewa a hankali ta cikin robar kanta. Zafi ma yana da nasa tasiri: ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yakan ƙara matsin iskar da kimanin kashi 3 cikin 100. Saboda haka ya fi kyau a auna da safe, kuma kada a cika ta fiye da abin da aka rubuta.

Wani abin sha'awa shi ne yadda masu ƙera kayan keke suka ari dabarar halitta. Wanda ya ƙera tayar iska da ta karɓu a duniya, John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne a Belfast, kuma ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1888. Ita kanta roba, asalinta farin ruwan itacen Hevea brasiliensis ne, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Itacen yana fitar da ruwan ne don ya toshe rauni ya kuma kori ƙwari, kamar yadda tumfafiya ke yi idan aka karya ganyenta. A yanzu akwai wani ruwa mai kauri da ake ɗura wa tiyub ta bawul, mai ɗauke da ƙananan zare. Da zarar ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita sai ta tura ruwan cikin hujin, zaren ya cushe, kusan yadda jini ke daskarewa a bakin ciwo. Yana maganin hujin tsidau sosai, amma ba ya iya wa yankan kwalba ko saran maciji, kuma yakan bushe da daɗewa. Akwai kuma tayoyi masu shimfiɗar zaren Kevlar a ciki, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965. Suna da tsada, amma ga tayar baya kuɗin bai tafi a banza ba.

Idan duk da haka facin ya auku, sai a fara kashe batir. Galibi ba sai an cire ƙafar ba: ana iya buɗe gefe ɗaya na taya, a zaro wurin da ya huje, a liƙe shi a nan. Kafin a mayar da tiyub, a bi cikin tayar da tsumma a hankali, domin ƙayar da ta yi ɓarnar takan kasance tana nan a kafe, kuma idan aka bar ta za ta sake hudawa kafin a isa gida.