Tsofaffin Manhajojin Ƙamus da Baƙaƙe Masu Ƙugiya: Hanyoyin Gano Cikas a Wine

1.0 Gabatarwa

Daga unguwar Gaweye zuwa tsallaken Gadar Kennedy, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, birnin Yamai ya daɗe yana zaman matattarar masu nazarin harsunan ƙasa. A nan ne aka kafa cibiyar tattara adabin baka a 1968, wadda ta koma CELHTO a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. A nan ne UNESCO ta kira taron 1978 wanda ya fitar da abacadan Afirka na bai ɗaya, sa'an nan aka yi taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a watan Janairu na 1980. A 1999 Ma'aikatar Ilmi ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa a Nijar, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wannan matsayi yana bukatar ƙamusoshi da littattafan yaƙi da jahilci, kuma wani kaso na kayan da za a gina su a kai an buga shi ne a kwamfuta tun kafin tsarin Unicode ya bazu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake tayar da tsofaffin manhajoji masu taga a kwamfutocin yanzu, da irin cikas ɗin da akan tarar, da kuma matakan gano tushen kowane ɗaya.

2.0 Asalin Matsalar

Kwamfutocin shekarun 1980 da 1990 gurabe 256 kacal suke ware wa haruffa. Jadawalin Windows na Yammacin Turai, mai lamba 1252, ya cika waɗannan gurabe da haruffan Ingilishi da Faransanci da makamantansu, bai bar wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ wuri ba. Dabarar da masana suka yi ita ce su ƙera nasu zubin haruffa: a ɗauki gurbin wani harafi da Hausa ba ta bukata, a zana baƙi mai ƙugiya a cikinsa. Ido yana ganin ƙ, amma abin da fayil ya adana lambar wani harafi ne dabam. Da yake kowane mai ƙira da gurbin da ya zaɓa, fayil ba ya karantuwa daidai sai da zubin da aka buga shi da shi.

Hatsarin a fili yake, domin ƙugiya tana bambanta ma'ana:

(1) kafa / ƙafa
(2) baki / baƙi
(3) daka / ɗaka
(4) bare / ɓare

Matsala ta biyu ta manhajar ce kanta. Shoebox, wadda SIL ta fitar domin tsara ƙamus da fiɗar jimloli, ta faro ne a DOS kafin ta koma Windows, kuma ba ta san Unicode ba. Magajiyarta Toolbox ce ta zo da shi. Windows mai bit 64 ba ta tayar da manhaja mai bit 16, alhali Windows 11 ta 2021 mai bit 64 ce kaɗai. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Saboda haka dogaro da tsohuwar na'ura jinkirta asara ne kawai.

3.0 Yadda Tafintan Manhaja Yake Aiki

Wine manhaja ce da aka fara a 1993, sigarta ta 1.0 ta fito a 2008. Ba ta kwaikwayon na'ura. Aikinta irin na tafinta ne: idan manhajar Windows ta nemi a buɗe fayil ko a zana taga, sai Wine ta juya buƙatar zuwa wadda Linux ke fahimta. Takan gina wata jaka mai kama da faifan C na Windows, wadda ake nuna wurinta da WINEPREFIX.

Akwai kuma tafinta na biyu wanda ba kowa ke lura da shi ba. An gina Wine a kan X11, tsarin zana tagogi na 1987. Yawancin manyan rabe-raben Linux sun koma Wayland, wanda aka fara a 2008, kuma XWayland ce ke tsaya wa manhajojin X11 a cikinsa. Ko da yake Wine ta sami hanyar magana da Wayland kai tsaye tun daga siga ta 9.0 ta 2024, sau da yawa saƙon tsohuwar manhaja yana bi ta hannu biyu kafin ya isa allo. Ke nan cikas yana iya tasowa daga wuri huɗu: fayil, ko manhaja, ko Wine, ko tsarin taga. Ƙa'idar bincike ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta sakamakonsa, kuma a yi aiki da kwafi, asalin yana ajiye a wani wuri.

4.0 Alamomin Cikas da Maganinsu

4.1 Manhaja ta ƙi tashi

Da farko a tayar da ita ta layin umarni maimakon danna hotonta, domin a nan ne Wine ke rubuta sunan abin da ta rasa. Sa'an nan a tantance ko manhajar ta DOS ce, ko mai bit 16, ko mai bit 32. Ta DOS, DOSBox ce ta dace da ita. Sauran kuwa, a keɓe wa kowace jakarta; a sigogin Wine da ke ɗauke da kayan bit 32 akan yi haka da WINEARCH=win32. Wajibi ne a duba lambar siga, domin sabuwar hanyar tafiyar da bit 32 da ta zo da siga ta 9.0 ba ta ɗaukar manhaja mai bit 16 a lokacin fitowarta. A cikin winecfg kuma akan zaɓi sigar Windows da za a nuna wa manhajar, gwargwadon zamaninta.

4.2 Baƙaƙe masu ƙugiya sun rikiɗe

Wannan ne cikas mafi yawa, kuma kamanninsa yana nuna tushensa. Idan harafi guda na Turai yana bayyana a duk inda ƙ ya kamata, alal misali a ga êasa a maimakon ƙasa, to fayil lafiyarsa lau, tsohon zubi ne babu. Magani shi ne a nemo shi a tsohuwar na'ura ko faifai, a sa shi a jakar drive_c/windows/Fonts. Shoebox tana adana sunan zubi a fayil mai ƙarshen .lng, don haka ana iya karanta sunan abin da ake nema daga can.

Idan kuwa haruffa biyu ne suka maye gurbin ɗaya, matsalar akasin ta farko ce, watau an riga an juya fayil zuwa UTF-8 amma manhaja tana karanta shi da jadawali na 1252:

(5) ƙasa ta zama Æ™asa
(6) ɗaki ya zama É—aki
(7) ƴanci ya zama Æ´anci

A nan sai a buɗe fayil da Toolbox, a sanar da ita cewa rubutun na Unicode ne. Kada a adana fayil yana cikin wannan hali, domin rikicin zai ninku.

Hali na uku shi ne wasu haruffa su fito, wasu su ɓace. Gurabe na 129, 141, 143, 144 da 157 ba su da harafi a jadawali na 1252, na 160 sarari ne, na 173 kuma karan ɗori ne mai ɓuya. Zubin da ya ajiye baƙi ko alamar karin sauti a ɗayansu yana iya yin aiki a wata na'ura ya gaza a wata. Bugu da ƙari, Wine tana zaɓar jadawali ne daga harshen da aka saita wa Linux, saboda haka tayar da manhaja da LC_ALL=fr_FR.UTF-8 yana tabbatar da na 1252.

4.3 Taga ta dushe ko rubutu ya ƙanƙance

An tsara tsofaffin manhajoji a kan ɗigo 96 a kowane inci. A allon zamani mai ɗigo da yawa, tsarin taga yakan miƙe hoton da XWayland ta ba shi, sai ƙugiya ta dushe har a kasa bambance d da ɗ. A mayar da girman allo zuwa kashi 100 cikin 100, a ƙara yawan ɗigo a winecfg. Idan ƙananan tagogi suna ɓuya a bayan babba, a kunna zaɓin da ke tattara dukkan tagogin manhajar a cikin taga guda. Inda ake iya shiga Linux ta X11, gwaji ɗaya a can ya isa ya nuna ko laifin na XWayland ne.

4.4 Madannai sun ƙi buga ƙugiya

Madannan Hausa na yanzu lambobin Unicode suke aikawa. Manhajar da ba ta san su ba takan rubuta alamar tambaya, kuma harafin da ya zama haka ba ya dawowa. Shawara a nan ita ce a yi amfani da tsohuwar manhaja wajen karatu da fitar da bayanai kawai, sabon rubutu kuwa a yi shi bayan juyi.

5.0 Daga Tafinta zuwa Juyi na Dindindin

Amfanin Wine shi ne ta nuna fayil yadda mai shi ya gan shi, domin a sami abin aunawa. Mataki na gaba shi ne a tsara jadawalin da ke haɗa kowane tsohon gurbi da lambarsa ta Unicode, a juya fayil da manhaja irin TECkit. Lambobin su ne: Ɓ 0181, ɓ 0253, Ɗ 018A, ɗ 0257, Ƙ 0198, ƙ 0199, Ƴ 01B3, ƴ 01B4.

Akwai abubuwa uku da hukuncinsu yake hannun masana harshe. Na farko, Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. A adana abin da ke asali, a yi sauyi a kwafin bugu. Na biyu, alamar hamza tana da lambobi fiye da ɗaya, kamar 0027, 2019 da 02BC, kuma in ba a tsai da guda ba, neman kalma irin sa'a zai riƙa tsallake wasu wurare. Na uku, jerin abacada, watau ɓ bayan b, ƙ bayan k, da matsayin sh da ts, yana cikin fayil na .lng, don haka a kwashe shi tare da na .typ da .prj. Bayan juyi a ƙidaya kowane baƙi mai ƙugiya a tsohon fayil da sabo. In adadin bai zo ɗaya ba, da sauran gyara a jadawalin.

6.0 Kammalawa

Ya kamata kowace cibiya ta yi rajistar tsofaffin fayilolinta, ta rubuta sunan manhaja da zubin da aka buga kowane da su, ta kuma adana zubin tare da fayil. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su amfana da zubi irin Andika da Charis, waɗanda ke ɗauke da baƙaƙen Hausa duka. Har wa yau, yana da muhimmanci cibiyoyin Yamai, Damagaram, Kano, Zariya da Sakkwato su riƙa musayar jadawalan juyi, domin wanda aka tsara wa zubi ɗaya zai yi wa duk fayil ɗin da aka buga da shi aiki. Gaggawar aikin ta taso ne daga cewa faifai yana lalacewa, waɗanda suka ƙera zubin kuma, su ne suka san abin da ke kowane gurbi, suna barin aiki.