Furotin G: Yadda Saƙo Ke Isa Cikin Ƙwayar Halitta a Dabbobi da Tsirrai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda furotin G ke karɓar saƙo daga wajen ƙwayar halitta ya isar da shi ciki. Ta kwatanta tsarin a dabbobi da tsirrai, sannan ta nuna alaƙarsa da cutar kwalara da noman dawa.

Gabatarwa

Kowace ƙwayar halitta tana kewaye da tantani mai maiƙo wanda yawancin sinadaran homon ba sa iya ratsawa. Duk da haka, da zarar mutum ya firgita, sinadarin adiranalin kan sa zuciyarsa bugawa da sauri cikin daƙiƙoƙi. Ta yaya saƙon da ya tsaya a ƙofa yake sauya abin da ke faruwa a cikin ɗaki? An fara samun amsar a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka da ke Betesda, kusa da Witon a jihar Merilan. A shekarar 1971 Martin Rodbell da abokan aikinsa, suna nazarin tantanin ƙwayoyin hantar ɓera, suka nuna cewa homon gulukagon ba ya iya aikinsa sai da sinadarin GTP. Daga nan suka fahimci akwai ɗan aike tsakanin makarɓin saƙo da mai zartar da shi. A 1980 ɗakin binciken Alfred Gilman a Jami'ar Bajiniya ya tace wannan furotin, kuma su biyun suka sami kyautar Nobel a 1994.

Yadda Tsarin Yake a Dabbobi

Furotin G yana da sassa uku: alfa da beta da gama. Lokacin hutu, alfa yana riƙe da GDP, sassan uku kuma suna manne da juna a cikin tantani. Idan homon ko ƙamshi ko haske ya taɓa makarɓi, wanda sarƙarsa ke ratsa tantanin sau bakwai, sai siffar makarɓin ta sauya, ya tilasta wa alfa ya saki GDP ya ɗauki GTP. Nan take alfa ya rabu da beta da gama, kowane ɓangare ya nufi abin da zai kunna. Wani nau'in alfa yakan tayar da sinadarin da ke samar da cAMP, wani kuma yakan danne shi. Makarɓi guda yana iya tayar da furotin G da yawa, shi ya sa homon kaɗan ke haifar da babban sauyi.

Alfa kuma yana ɗauke da abin kashe kansa: yakan farfasa GTP ya mayar da shi GDP, ya koma wa abokansa. Ɗan Adam yana da irin waɗannan makarɓai kimanin 800, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na magungunan da aka amince da su ta hanyarsu suke aiki.

Darasi daga Kwalara

Muhimmancin kashe saƙo yana bayyana a cutar amai da gudawa. Dafin ƙwayar kwalara yakan shiga ƙwayoyin hanji ya liƙa wa alfa wani sinadari da ke hana shi farfasa GTP. Sai alfa ya kasance a kunne, cAMP ya yi ta taruwa, gishiri ya riƙa kwarara cikin hanji, ruwa kuma ya bi shi. Wannan ne gudawa mai kama da ruwan shinkafa, wadda ke iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A ɓarkewar 2021 Nijeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ruwan gishiri da sukari yana ceto domin hanyar da hanji ke tsotsar gishiri tare da sukari ba ta lalacewa da wannan dafin.

Yadda Tsarin Yake a Tsirrai

A 1990 aka gano sashen alfa a ƙaramin tsiron Arabidopsis, aka sa masa suna GPA1. Bincike ya nuna tsarin ya juya baya: alfa na tsiro yakan saki GDP da kansa ba tare da jiran makarɓi ba. Saboda haka abin da yake buƙata shi ne mai riƙe masa linzami. A 2003 aka bayyana furotin RGS1, wanda ke gaggauta farfasa GTP don alfa ya zauna a kashe har sai saƙo ya ɗage wannan takunkumi. Wannan tsari yana da hannu wajen daidaita ƙofofin ganye da tsiro ke rufewa lokacin fari.

Ga manomi, sashen gama ne ya fi jan hankali. A shinkafa, GS3 yana ƙayyade tsawon ƙwaya, DEP1 kuma yana shafar cikar zangarniya. A 2023 masu bincike a ƙasar Sin suka wallafa cewa wani sashen gama a dawa, mai suna AT1, yana rage juriyar shuka ga ƙasa mai kanwa. Da suka kashe shi, dawa da shinkafa da masara suka fi jurewa.

Kammalawa

Dabba da tsiro sun gaji sassa iri ɗaya, amma dabba tana sarrafa kunnawa, tsiro kuma yana sarrafa kashewa. Nijeriya na cikin manyan masu noman dawa a duniya, kuma ƙasa mai gishiri da kanwa matsala ce a filayen ban ruwa na yankin Sahel. Tambayar da ke gaban masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwarorinta ita ce: wane nau'in AT1 ne ke cikin kaura da farfara da sauran irin dawar da manomanmu suka adana?